Kwanon rufi kafin a ce a yafe

Bayan rikicin Tibi da Jukunawa na 2019, majami'armu da ke wani ƙauye tsakanin Wukari da Takum a jihar Taraba ta koma rabi. 'Yan'uwanmu Tibi sun tsallaka zuwa jihar Binuwai, gidajensu wasu an ƙone, wasu an kwashe. Ni Bajukuna ce, ina cikin shugabannin zumuntar mata, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne duk ɓangarorin biyu sunan Almasihu muke kira. Ikilisiyar NKST ta Tibi da CRCN da yawancin Kiristocinmu ke ciki duk suna ƙarƙashin TEKAN, tarayyar ikilisiyoyi da aka kafa tun 1955. Hakan bai hana faɗan 1991 da 1992 ba, bai hana na 2001 ba, wanda ya kai ga kisan da sojoji suka yi a Zaki Biam. A watan Agustan 2019 kuma aka kashe Fada David Tanko a hanyarsa ta zuwa Takum taron sulhu. Tushen abin kowa ya sani: gona, kujerun mulki, da gardamar wa ne ɗan ƙasa, wa ne baƙo.

Da ƙura ta lafa, Baba Fasto ya dinga wa'azin gafara Lahadi bayan Lahadi. Mu muna cewa amin, su kuwa ba su dawo ba. Sai mu mata muka haɗa garin rogo da sabulu da gishiri, muka bi su inda suke gudun hijira.

A can wata tsohuwa da muka daɗe muna waƙa tare ta ƙi karɓar kayan. Ta ture buhun gefe da ƙafa, ta dube ni ta ce, "'Yata, kin kawo mini sabulu, alhali kwanon rufin ɗakina yana kan shagon wani a ƙauyenku, kuma mutumin yana cin Jibin Ubangiji." Na ce, "Mama, faɗa mini komai." Ta lissafa: kwano, ƙofar ƙarfe, keken ɗinkin surukarta, irin doyar da ta ajiye. Wata daga cikinmu ta buɗe baki za ta ce ai mu ma an yi mana, na matse hannunta ta yi shiru. Gaskiya ne an yi mana, amma wanda ya zo jaje ba ya fara da nasa kukan. A ranar na gane cewa kiran a yafe, in ya riga sauraro, toshe bakin mai ciwo yake yi.

Muka kai maganar majalisar dattawa. An sha gardama sosai. Wasu suka ce duk wanda ya ɗauki kaya ya tsaya gaban jama'a ya tuba. Ni na tsaya a kan cewa in aka yi haka babu wanda zai fito, kunya za ta sa a ƙara ɓoye kayan. Baba Fasto ya karanta labarin Zakka, mai karɓar haraji a Littafi Mai Tsarki da ya ce zai mayar ninki huɗu, aka yanke cewa mai riƙe da kayan wani ya kawo harabar majami'a da dare, ba za a tambayi suna ba. Da asuba mukan tarar da kwano jingine a bango, ramukan ƙusa a jiki, wani ma da sunan mai shi a rubuce da fenti. Keken ɗinkin ya dawo ba bel. Injin niƙa ɗaya har yau shiru.

Akwai abin da ba ya mayuwa. Wata gwauruwa a cikinmu an kashe mijinta a gona, ranar da Tibi suka fara dawowa sujada ta tashi ta fita. Ba mu bi ta da ayoyi ba, kuma na hana a sa ta rungumi kowa a gaban mutane. Irin rungumar da ake yi don hoto a tarukan sulhu ba na son ta ko kaɗan. Matan Tibi ne da kansu suka riƙa aika mata da doya ta hannuna, ba tare da sun ce komai ba. An ɗauki lokaci kafin ta yarda ta karɓa.

Da damina ta zo, matasan ikilisiya suka yi gayya suka tayar wa waɗanda suka dawo kunyoyin doya. A sujada muka mayar da waƙar Tibi kusa da ta Jukun da ta Hausa, aka kuma zaɓi Tibi cikin dattawa da masu riƙe baiko, domin mutum ba ya jin gida ne in ba ya cikin masu yanke shawara.

Maganar fadamar da ke bakin rafi kuwa ta fi ƙarfin majami'a. Tana gaban dagaci, kuma duk ranar zama dattawanmu na ɓangarorin biyu suna tafiya tare, su dage a karanta wa kowa abin da aka rubuta kafin a sa hannu.