Kwalin mujallun da ke ƙarƙashin kantata

Wata ranar Asabar bayan la'asar wani matashi ma'aikacin banki ya shigo shagona, ya sayi ƙugiya da dalma. Har ya kai bakin ƙofa sai ya dawo. "Baba, don Allah in tambaye ka. Akwai wata mujallar kamun kifi ta Ingila da nake so in riƙa biya ana aiko min. Kana ganin kuɗina ba zai tafi a banza ba?" Na ce masa ya jawo benci, domin wannan ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Na sunkuya na jawo wani tsohon kwalin taliya daga ƙarƙashin kanta, na kaɗe masa ƙura.

Fiye da shekara ashirin ke nan ina sayar da kayan su, wato kayan kamun kifi, a Kano, kuma masu shigo min iri biyu ne. Na farko masunta, waɗanda ruwa ne gonarsu. Daga Tiga suke zuwa, da Ƙaraye wajen dam ɗin Challawa, da Bagwai, da Wudil, wasu har daga Haɗeja da Nguru. Su ne masu ɗaukar raga irin su kalli da birgi, dalma a kilo, ƙugiya kwali-kwali saboda mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa. Su ke riƙe da shagon, su ne kuma suka cika min littafin bashi, don masunci yakan ɗauki kaya ne ya biya idan ruwa ya yi kyau. Na biyu masu fatsa don nishaɗi: ma'aikata, malaman jami'a, tsofaffin sojoji, da 'yan Lebanon da Indiyawan da suka daɗe a garin nan. Ba su da yawa, amma sanda ɗaya mai abin naɗe zare da za su saya ta fi ribar dalma kilo goma. Maganar mujalla tasu ce. Ban taɓa ganin masunci ya tambaye ta ba, sai dai in yana neman abin naɗe ƙugiya.

Mujallun nan ba odarsu na yi ba. Wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi na tsince su, cikin tarin da ya zo a kwantena tare da littattafan makaranta. Na ga hoton Bature rungume da ƙaton kifi kamar mai riƙe da jariri, na ɗauki guda biyu. Mutumin ya ce in kwashe duka, ba mai taɓa su, har gara ta fara ci. Akwai Angling Times da Angler's Mail na Ingila, da 'yan kwafi na Field & Stream ta Amurka. Turancina na sakandare ne, sai na ɗan ƙara da na kasuwa, amma mujallar kamun kifi rabinta zane ne da hoto, ba ta buƙatar digiri.

Abin da na fara ƙaruwa da shi ƙulli ne. Masu fatsa sun sha dawo min da ƙorafin zarena ba shi da kyau, kifi na ja sai ya tsinke. In karɓi guntun in duba, sai in ga bakinsa a murɗe kamar wutsiyar alade, ban san me hakan ke nufi ba. A mujalla na karanta cewa wannan murɗewar alama ce ta ƙulli ya zame, zaren bai tsinke ba. A shafin aka zana wani ƙulli da suke kira Palomar. Za ka ninka zaren biyu, ka zura ninkin ta hancin ƙugiyar, ka yi ƙulli sako-sako irin na kowa, sannan ka zura ƙugiyar gaba ɗayanta ta cikin madaukin da ya rage, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali har ya zauna. Yawun ba camfi ba ne. Zaren roba in ya gogi kansa a bushe yakan yi zafi ya raunana daidai wurin ƙullin. Daren nan na zauna a tsakar gida da ƙugiya da zare ina ƙullawa ina ratayawa a ƙusa ina ja, har uwargida ta leƙo ta ce ko wani sabon aiki aka ba ni. Tun daga lokacin duk wanda ya sayi sanda ba ya fita sai ya ƙulla sau uku a gabana. Ƙorafin zare ya ragu ƙwarai.

Haka na gane cewa rana tana cinye zaren roba. Da a bakin ƙofa nake rataye shi don masu wucewa su gani, ashe hajata nake gasawa da hannuna. Na mayar da shi can ciki. A nan kuma na fahimci lissafin da ke jikin kaya. Lambar ƙugiya tana hawa ƙugiyar tana ƙanƙancewa, lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, sai an wuce lamba 1 a shiga 1/0 da 2/0 sannan girma ya riƙa bin lamba. Ƙarfin zare kuma da laba suke rubuta shi, laba ɗaya giram 454, wato zare mai laba 20 zai ɗauki abin da ya kai kilo 9. Waɗannan abubuwa ba ruwansu da ƙasa. Ƙullin da ya riƙe kifi a kogin Temz na Ingila zai riƙe shi a Tiga.

Inda na yi kuskure shi ne da na ɗauka sauran shafukan ma haka suke.

Akwai labarin da ya ruɗe ni. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifin ƙarya a 1936, ya lulluɓe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, yana tafiya a ruwa yana karkaɗa kamar kifin da ya ji rauni. A 1962 mujallar Life ta Amurka ta yi rubutu a kansa, aka yi dace fitowar ce mai ɗauke da hoton tauraruwar fim Marilyn Monroe bayan rasuwarta, wadda jama'a suka yi rububin saye. Oda ta yi ta kwarara har ta fi ƙarfin masu yi. Wannan shi ne ƙarfin mujalla a zamaninta, shafi biyu su tayar da kamfani. Ni kuwa da na ga kowace fitowa cike take da kifayen roba masu launi-launi, sai na ce ai ga kasuwa tana jirana. Na tattara kuɗin da ya kamata in saro kalli da shi ana gab da damina, na ba wani mai zuwa Dubai ya cika min jaka da irinsu, ba ma na wannan kamfanin ba, masu araha dai.

Na ɗauki guda biyar na kai wa wani dattijo a Tiga, wanda tun ana gina dam ɗin zamanin Audu Baƙo, farkon shekarun 1970, yake bakin ruwan nan. Ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya taɓa ƙugiyoyin da ɗan yatsa, ya miƙo min. "Alhaji, kifin nan naka ya yi kyau. Amma tarwaɗa ba da ido take kiwo ba, da gashin baki take. Ruwan da in ka tsoma hannu ba ka ganin farcenka, wa zai ga adon?" Ya buɗe wani gwangwanin madara ya nuna min ƙotonsa: tana, da hanjin kaza da ya kwana, da 'yan gutsattsarin sabulu. A gefe ga guntun tsohon silifas da ya yanka yake ɗaurawa a zare don ya ga lokacin da kifi ya taɓa. Jakar nan ta shekara huɗu a shago. Wanda ya rage min ita wani malamin jami'a ne da ke zuwa Yawuri da tafkin Kainji neman giwan ruwa da tsage, kifayen da ke farautar 'yan'uwansu da ido. Shi ma sai da ya haɗa da siririyar waya a gaban zaren, don haƙoran tsage ba sa barin roba.

A wannan zuwan ne na so in burge dattijon da ƙullina na Palomar. Ya yi dariya har da tari. Ƙugiyoyinsa na mamari ba su da hanci, bayansu a daɓe yake, ba inda za a zura zare. Ya ɗauki ɗaya, ya kwantar da zaren a jikinta, ya nannaɗe sau bakwai ko takwas, ya ja, duk yana kallon fuskata yana ba ni labarin tsadar gero. Bayan wata biyu ina buɗe wata fitowar sai ga ƙullin nan nasa an zana shi hoto shida, da sunansa na Turanci, har da tallar wani ɗan ƙarfe da ake sayarwa don ya taya mutum yin sa.

To ka ga matsalar. Mujallar Ingila don mutumin Ingila aka rubuta ta. Kifayenta na can ne, irin su kaf (carp) da faik da tirawut, babu karfasa, babu ƙurungu, babu ragon ruwa. Lissafin lokacinta na can ne: a kogunan Ingila an hana kama yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai, kuma ba ka jefa fatsa sai da lasin. Duk fitowar tsakiyar Yuni murnar buɗe kogi ce. Mu a nan abin da mai fatsa ke son sani shi ne yaushe sabon ruwa zai shigo tarwaɗa ta hauro gefe, yaya ake yi da sanyin hunturu in kifi ya lafe ya ƙi ci, ina kacalla ta toshe hanya a fadamun Haɗeja da Nguru. Ba shafi ɗaya a kan wannan. Sannan mutumin da ke rungume da kifin nan a bango, in an gama ɗaukar hoto mayar da shi ruwa yake yi. Na taɓa fassara wa wani masunci haka, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "To me ya je yi?" A Argungu, inda aka fitar da kifi mai kilo 78 a bikin 2020, da homa da gora aka kamo shi, kuma ba wanda ya yi zancen a mayar.

Su kansu mujallun suna fama a gidajensu. Angler's Mail da aka fara a 1964 ta rufe a 2020. Field & Stream, wadda asalinta ke komawa 1895, ta daina fitowa a takarda a 2020 ɗin, sai a 2024 aka dawo da ita. Angling Times da ta fara a 1953 ita ce ta jure. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da mutum yakan jira mako guda ya ji wa ya kama me a wane tafki, yanzu kafin kifin ya daina numfashi hotonsa ya hau Facebook. Ƙullin da na kwana ina koya daga zane, yaron shagona ya koye shi a YouTube cikin minti biyu, yana tsayar da bidiyon yana mayarwa baya. Ba zan yi musun wannan ba. Abin da kawai na lura shi ne, mai bidiyo yakan yabi duk abin da aka ba shi kyauta, kuma ba edita a kansa. Mujallar ma dai ba waliyyiya ba ce. In ka ga an yaba wata sanda a shafi na goma, duba shafi na goma sha ɗaya, sau da yawa tallarta ce cike da shafin. Jakata ta Dubai shaida ce.

Sai kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, fam ɗin Ingila ya yi tashin da har ya taɓa naira 2,000. A ce mujalla fam 5 ce, ka ga naira 10,000 ke nan kafin a yi maganar kuɗin aikowa, kafin kuma a yi maganar ko za ta iso. Na ce wa matashin nan ya lissafa na wata goma sha biyu. Ya danna waya, ya ɗago kai ya yi murmushi. Na ce wannan kuɗin zai sayi sanda mai kyau da zaren shekara, ya zuba mai zuwa Tiga sau da dama, har ya rage na goron masu jirgi.

"Ke nan Baba kada in saya?"

Na ce sabuwa dai, da kuɗin waje, don ka kama kifi a ruwanmu, ban ba ka shawara ba. In kuwa sha'awar karatun ce da kallon hotuna, wannan kuɗinka ne, kuma ni ma nakan buɗe su in kasuwa ta yi sanyi, ina kallon koguna masu ruwa garai-garai da ban taɓa zuwa ba. Amma tsohuwa ta gwanjo, in ka gan ta a bakin titi, kada ka wuce ta. Shafin ƙulli, da na gyaran abin naɗe zare, da na yadda ake wasa da babban kifi har ya gaji ba tare da an tsinka ba, ba sa tsufa. Takarda kuma ba ta neman caji ko sabis, ga shi a bakin dam rana ba ta barin ka ga fuskar waya, hannunka kuma duk ƙarni.

Abin da ke ci min rai, na faɗa masa, shi ne babu irin wannan da Hausa. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, muna da kwalejin kifi a can da kuma ta Baga, amma abin da suke rubutawa na malamai ne da masu kiwon kifi a kududdufi. Abin da dattijon Tiga ya sani, da abin da Sarkawa, masuntan Yawuri, suka sani, yana cikin kawunansu, ana binne shi da su ɗaya bayan ɗaya. Da wani zai bi su da biro da kyamara ya fitar da ko shafi ashirin ne duk wata uku, da ni zan fara ajiye ta a kan kanta, in sayar ba ko sisin riba.

Na zaɓar masa guda uku daga kwalin. Ya zaro kuɗi, na ce ba na sayarwa ba ne, aro ne. Na kwatanta masa inda zai sami dattijon, na ce ya tafi da sassafe, ya riƙe goro, kada kuma ya fito da mujallar a gabansa sai in shi ya tambaya.

Bayan mako biyu ya dawo da su. Ɗaya ta jiƙe ta bushe ta kumbura, shafin ƙullin yana ƙarnin kifi. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya bari. Ya ce tarwaɗa huɗu ya samu da ƙurungu ɗaya, kuma ƙurungun ya soke shi a yatsa, ya nuna min wurin. Sannan ya ce in ba shi ƙugiya lamba 6 marar hanci, kwali guda, wai Baba na Tiga ya ce waɗanda ya je da su na 'yan gayu ne.