Kaskon wuta, hita da ƙura: yadda ake ɗumama ɗaki a hunturu ba tare da an lalata iskarsa ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, gidajen Katsina da Daura na fama da matsala biyu da maganin ɗaya ke tsokano ɗayar. Ɗari na sa a toshe ɗaki, toshe ɗakin kuma na gurɓata iskar da za a kwana ana shaƙa. Iskar hunturu na busowa ne daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A cikin Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 12, laimar iska kuma ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ran da hazo ya yi kauri, hasumiyar Gobarau ma sai ka matso kusa kake ganinta sosai.

A ganina, mafi yawan gidaje ba ƙarin wuta suke buƙata ba. Zafin da rana ta ba su kyauta ne ke zurarewa, su kuma su rama da gawayi.

Bari mu fara da gawayin, domin shi ne mai kisa. Abin da kowa ya taso ya ji shi ne a bar shi a waje har hayaƙin ya ƙare, ya koma jan garwashi, sannan a shigar da kaskon ɗaki. Rabin wannan magana daidai ne. Hayaƙin da ido ke gani yana ƙarewa, amma garwashi mai ci a hankali ba harshen wuta shi ne ya fi fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana samuwa ne duk inda wuta ke ci ba ta samun isasshiyar iska. Don haka rufe garwashi da toka domin ya kai asuba ba ya rage haɗarin, yana tsawaita shi ne. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke mannewa, sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi alhali mutum na numfashi lafiya lau.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi yana ɗauke da iska kubik mita 48. Kilo ɗaya na gawayi, idan ya cinye, yana fitar da sama da giram 100 na wannan iska. Giram 100 a cikin irin wannan ɗaki, in an toshe shi ruf, ya kai kusan kashi 1,800 cikin miliyan, adadin da ke iya kashe babban mutum cikin awa biyu. Abin da ke ceton mutane da yawa ba dabararsu ba ce, ɓarakar ƙofa ce da tagar da ba ta rufuwa da kyau. Shi ya sa sabon gini mai tagar gilas da silin da ƙofar ƙarfe ya fi tsohon ɗaki mai asabari haɗari idan kasko ya kwana ciki. Ranar da maigida ya yi ƙoƙari ya cusa tsumma a kowace kafa, ranar ce haɗarin ya fi girma.

Kwanon ruwa kusa da kasko ba ya shanye wannan iska. Gishiri ko ɓawon lemo da ake jefawa cikin wuta ba sa yin komai. Kwanciya a ƙasa ko a kan gado duk ɗaya ne, domin nauyinta kusan daidai yake da na iskar ɗaki, gauraya take yi da ita ko'ina.

Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewar tunani. Da yake sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, sai a tafi kemis a sayo magani a koma ɗakin. Wasu su ce abincin dare ne, wasu su ce aljanu ne suka taɓa gidan. Abubuwa biyu ke bambanta ta: mutanen ɗaki ɗaya suna tashi da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya, ba zafin jiki, kuma in sun fita tsakar gida sai su ji dama-dama. Jariri da mai ciki da tsoho da mai ciwon zuciya su ne ke fara jigata. Idan an tarar da wani ya kasa tashi, a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa waje, a kwantar da wanda ya suma a kan gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja domin zai iya shaƙewa. A wuce asibitin da ke da oksijin, kamar Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa da gawayi aka kwana. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi.

To, in dole sai gawayi, ga yadda ya kamata. A hura shi a tsakar gida da ƙirare ko ɗan kananzir, ba da leda ko yankin roba ba. A shigar da kaskon bayan magariba, a ɗora shi kan bulo ko faifan ƙarfe, tazarar mita ɗaya daga katifa, labule da gidan sauro, taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu, ƙofa a sakaye ba a kulle ba. A yi hira, bango da shimfiɗa su ɗauki ɗumi. Kafin kowa ya kwanta a fitar da shi, a bar tagar minti goma, sannan a rage ta. Wannan doka ta fi ƙarfi a ɗakin mai jego, inda aka fi son wuta kuma aka fi rufe ƙofa. Jariri ya fi amfana da hula, safa da jikin mahaifiyarsa fiye da garwashi a ƙarƙashin gado.

Ɗumin da zai kwana da mutum ba sai da wuta mai ci ba. A ɗora jan bulo ko dutse mai santsi a gefen murhu lokacin girkin dare, a naɗe shi da tsohon zane ninki uku, a sa wajen ƙafa. Kada a yi da dutsen da ya jiƙe, yana iya fashewa a wuta. Ko a zuba ruwan zafi, ba tafasasshe ba, a gora mai murfi mai kyau, a naɗe ta. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi ya kiyayi wannan, yana iya ƙonewa bai sani ba.

Sai gyaran ɗakin kansa, wanda shi ne aikin da ake yi sau ɗaya a huta. Katsina da Daura na kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a Disamba rana na karkata kudu. Iskar ɗari kuma daga arewa da gabas take shigowa. Ke nan tagogin arewa da na gabas su ne za a rufe da labule mai kauri a toshe ɓarakarsu da soso, na kudu da na yamma kuma a buɗe su daga hantsi zuwa la'asar, rana ta shiga, iska ta sauya, a rufe kafin faɗuwar rana. Ƙarƙashin ƙofa a sa tsumma da aka naɗe. Ɗakin kwano mara silin ba ya riƙe zafi, da rana ta faɗi kwanon ke miƙa shi sama, kuma allon silin ɗaya da ya ɓalle ya isa ya zubar da ɗumin ɗaki gaba ɗaya. Daɓen siminti ko tayil na zuƙe zafin jiki, don haka tabarma a ƙarƙashin katifa ta fi ƙarin bargo a sama amfani. Masu tsohon soro na ƙasa da azara sun riga sun sami wannan a banza: kaurin bango na shan zafin rana ya sake shi da dare. Nasu aikin shi ne kada su liƙe 'yar tagar sama da magabata suka bari, ba don ado aka yi ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sanyin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18. Ƙaramin ma'aunin zafi na bango zai nuna maka ko ɗakinka na buƙatar wuta ko kuwa bargo kawai.

Hitar lantarki ba ta fitar da kabon monoksaid, nata haɗarin gobara ce. Hita mai wat 2,000 na jan kusan amfiya 9. Soket ɗin bango mai amfiya 13 da aka ja da waya mai kaurin milimita 2.5 zai ɗauka, amma siririn abin jona wuta na kasuwa ba zai ɗauka ba, robarsa za ta yi laushi ta narke. A jona ta kai tsaye a bango, ita kaɗai. Bayan rabin awa a taɓa kan fulogin. In ya yi zafi ko ya fara baƙi, haɗin ya saki, a kira mai gyaran wuta. Wadda ta fi dacewa da ɗakin kwana ita ce wadda aka cika cikinta da mai aka rufe, domin ba ta da jan ƙarfe a fili kuma tana riƙe ɗumi bayan an ɗauke wuta. Mai jan ƙarfe na ƙona ƙurar da ta kwanta a kanta, warin da ake ji ke nan ranar farko, don haka a goge ta tana a kashe kafin a fara aiki da ita. Kada a shanya mata kayan yara. A tuna da kuɗi kuma: awa biyar a dare yunit 10 ne a mitar KEDCO. Masu sola kada su gwada, batir mai amfiya 200 da bolt 12 bai kai ya riƙe irin wannan hita awa ɗaya ba tare da ya wahala ba. Su kansu batiran masu ruwa suna fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, wurinsu baranda ne ko ɗaki mai taga.

Wata gobarar da aka sani a wannan lokaci ita ce ta hitar ruwa. An tsoma ta a bokitin roba, aka ɗauke wuta, aka manta, aka dawo da ita cikin dare, ruwa ya ƙafe. Da zarar wuta ta ɗauke a zare hitar daga bango, ba kashe makunni kawai ba.

Risho da murhun gas na girki ne, ba na ɗumama ɗaki ba. Harshen wutarsu shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, wutar ba ta samun iska, a datse lagwani ya daidaita, ko a wanke ramukan kan murhun gas ɗin. Tiyon gas na iya tsattsagewa, a shafa masa ruwan sabulu daga tukunya har murhu, inda kumfa ya taso nan ne yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in an ji warinsa ƙofa za a buɗe, kada a taɓa makunnin fitila. Janareto kuwa ba shi da wuri a zaure, lungun ɗaki ko ƙarƙashin taga, ko da tsoron ɓarayi. A nisanta shi mita shida daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon waje. Gidan da ke amfani da ɗaya daga cikin waɗannan ya dace ya sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, a rataya ta a ɗakin kwana, a danna maɓallin gwajinta kowane wata. Ba ɗaya take da mai jin hayaƙi ba, kuma tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a bayanta.

Ƙura ba ta kisa a dare ɗaya, amma ita ke tayar da asma, ta busar da hanci har ya yi haɓo. Shara da busasshiyar tsintsiya tashinta kawai take yi, ta sauko bayan awa ɗaya kan gado. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a fitar da mai asma har a gama. Ragar taga a wanke ta kowane mako, fukafukan fanka a goge su, matatar na'urar sanyaya ɗaki a wanke duk mako biyu. Darduma mai gashi rumbun ƙura ce, a kakkaɓe ta a waje a shanya. Jiƙaƙƙen tawul da aka rataya a ɗaki ya fi kwanon ruwa ƙara laima, saboda faɗinsa, amma a wanke shi kullum kada ya yi tsami. Turaren wuta, uwargida, a yi shi da rana ƙofa a buɗe, ba lokacin da yara suka kwanta ba. Maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki ƙarin hayaƙi ne, gidan sauro ya fi shi.

Saura cunkoso. A muku-mukun sanyi akan tattara yara ɗaki ɗaya don su ɗumama juna, a makarantun allo da na kwana ma haka. Busasshiyar iska da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma na sauƙaƙa yaɗuwar sanƙarau, wanda ke ƙaruwa a yankinmu daga tsakiyar rani har zuwa saukar damina. Ɗakin da mutum biyar ko fiye ke kwana yana buƙatar kafa biyu a buɗe duk dare, ɗaya sama ɗaya a wani bangon, ko da kowacce ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba. In da safe ka shigo daga waje ka ji ɗakin ya yi nauyi, ko ka ga gilashin taga ya yi gumi daga ciki, kafofin sun yi kaɗan, a ƙara buɗe ta ɓangaren kudu.