Daga Maraɗi zuwa Tudun Wada: shekarun da na yi a bakin gado kafin neman digiri na biyu

Ranar da aka kawo ni Kaduna, a ƙarshen 2017, ban ji a jikina cewa na bar ƙasata ba. Daga Maraɗi muka bi ta Ɗan Isa, muka tsallaka Jibiya, muka kwana Katsina wurin dangin maigidana, washegari la'asar ta same mu a Tudun Wada. Duk tsawon hanyar Hausa nake ji, tuwo iri ɗaya, kiran salla iri ɗaya. A ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofin lefe, akwai takardar lisans ɗina ta aikin jinya daga ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram, da shaidar aikin shekara biyu a wata likita ta karkara. Likita muke ce wa asibiti a can. Niyyata in huta wata shida, sannan in nemi digiri na biyu, mastas kamar yadda ake cewa a nan.

Sai da maigida ya raka ni ofishin karatun gaba da digiri na wata jami'a na san lallai na yi ƙaura. Mutumin da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya juya takarduna gaba da baya, ya ce, "Malama, Faransanci ne duka." Ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. A Nijar lisans, wato digirin farko, shekara uku ce bayan bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare. A Najeriya digirin jinya, BNSc, shekara biyar ne, a bi shi da shekara guda ta horo a asibiti, 'yan ƙasa kuma su ƙara da bautar ƙasa. Kafin a kai ga maganar digiri ma, ana son kiredit biyar na sakandare: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Kuma babu mai taɓa majinyaci da sunan nas a ƙasar nan sai da rajista da lasisin NMCN, hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma, mai hedikwata a Abuja. A motar dawowa ban ce uffan ba har muka sauka tashar Kawo.

Shekarar 2018 ta tafi a koyon Turanci da kai takardu a fassara, a tantance su a ma'aikatar ilimi ta tarayya. Na zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu tare da yaran da na girme wa da shekara goma. Surukata, Allah ya saka mata da alheri, ita ta riƙe mini jaririya. Takan ce, "Ki tafi abinki, 'yar nan, ilimin da za ki ceci rai da shi ai ibada ne." Bayan haka na shiga horon sabawa da aiki da hukumar ke sa waɗanda suka yi karatu a waje su yi, na rubuta jarrabawarta, na samu lasisi.

A lokacin horon nan ne abin da ba zan manta ba ya faru. An kawo wata mai ciki wata takwas daga Rigasa, tana riƙe da kai. Na auna jininta, na juya na ce wa matiron, wato babbar nas ta ɗakin, "Sha bakwai bisa sha ɗaya." Ta tsaya tana kallona. A tsarin da aka koyar da ni haka ake faɗin awon jini, a ce 12/8, a ce 17/11. A nan 120/80 ake cewa, 170/110 ake cewa. Daƙiƙun da ta yi kafin ta gane nufina ba su da yawa, amma a jikina sun yi tsawo, domin matar tana dab da jijjiga. Muka ba ta maginisiyam salfet, maganin hana jijjiga, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɓangaren ɗuwawu, muka riƙa bibiyar numfashinta da fitsarinta da motsin gwiwa kafin kowace allura ta gaba bayan awa huɗu. Ta haihu, ta rayu, ɗanta ma ya rayu. Da dare na zauna na buɗe sabon littafi, na fara jera duk inda lissafin ƙasashen biyu ya saɓa. Sukarin jini da na sani da 1,26 giram a lita, a nan 126 ne ko kuma 7, gwargwadon na'urar da ke hannunka. Waƙafin da muke sawa a tsakiyar lamba, a nan ɗigo ne. Sunayen magunguna na kamfani daban, gajerun kalmomin da likitoci ke rubutawa a fayil daban. Wanda bai tsaya a bakin gado ba zai ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne, alhali sifili ɗaya yana iya kashe mutum.

Da na samu aiki a wani asibiti a cikin gari, zancen mastas bai bar bakina ba. Wata rana muna aikin dare, matiron ɗin da nake ƙarƙashinta, dattijuwa mai shekara kusan talatin a ɗakin haihuwa, ta ajiye biro ta ce, "'Yata, wannan mastas da kike ta ambato, me za ki je ki bincika?" Na ce, "Ranki ya daɗe, lafiyar mata da yara." Ta ce, "Wannan sunan sashe ne. Tambayarki nake so in ji." Ban da amsa. Ta ce in ci gaba da aiki, in buɗe ido, tambayar za ta same ni. A ranar na ji zafin maganar, don gani nake an riga an ci mini shekaru. Yanzu kam ina yi mata addu'a a kanta.

Na nemi a riƙa zagayawa da ni. Na yi ɗakin haihuwa, na yi wurin awo, na yi ɗakin yara, na yi wata shida a sashen gaggawa. A ɗakin yara ne kaɗai na ji ni a gida tun ranar farko, domin tamowa ba baƙuwata ba ce: a karkarar Maraɗi na auna damtsen yara da igiyar nan mai launi uku ba adadi, na san duk wanda ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ba a sallamarsa da shawara kawai. A gefe guda kuma ina karatun cike gurbin BNSc daga nesa, ina yin aikin makaranta a waya idan an kawo wuta.

Hausar da ba ta yi mini amfani a ofis ba, ita ta tsaya mini a wurin marasa lafiya. Da na buɗe baki sukan ce, "Sista, ke 'yar Nijar ce ko?" Sai hira ta buɗe, a gaya mini kakar wance daga Tasawa take, a gaya mini abin da ba a gaya wa likita ba. Ta haka na gano abin da ya zama tambayata. Da yawan matan da ake kawo mana da jijjiga sun je awo, wasu har sau uku. An auna jininsu, an rubuta lambar a kati da Turanci, an miƙa musu. Idan na tambaya, sai mace ta ce an ce jininta ya ɗan hau, ta rage gishiri. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce: in kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwo a ƙahon zuci, ko da tsakar dare ne ki taho. Ko an faɗa mata ma, ba ita ke yanke shawarar fita ba, miji ne ko uwar miji, su kuwa ba sa zuwa awo. Idan ta faɗi tana taune harshe, sai a ce iska ce, a fara da hayaƙi da tofi, a iso asibiti bayan awa shida. Ban zargi masu awo ba, ni ma na tsaya a wurin: mata fiye da ɗari a benci, nas biyu ko uku. Abin da nake son bincika shi ne ko bayanin alamomin haɗari da Hausa, a gaban wanda ke da iko a gidan, yana sa a iso da wuri. Da a 2018 aka ba ni gurbi, da ban san da wannan tambaya ba, da na ɗauko wani take daga littafi na cika shafuka.

Shi ya sa idan ƙannena a aiki suka ce za su wuce mastas kai tsaye daga bautar ƙasa, nakan ce su dakata ko da shekara biyu ce. Ba kowa ke yarda ba, kuma na fahimce su, albashi bai taka kara ya karya ba, kowa na neman tsani. Wasu ma hankalinsu na Ingila ne gaba ɗaya. Lokacin da hukumar NMCN ta fitar da sanarwa a Fabrairun 2024 cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje, ɗakin hutunmu ya ɗauki zafi na makonni. Ni da na shigo ƙasar da suke neman bari, sai dai in saurara. Wadda kuma take son ƙwarewa ba tare da barin gari ba, Kaduna na da makarantun da ake shiga bayan an yi rajistar nas: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa, jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa, jinyar ƙwaƙwalwa a asibitin Barnawa.

Haɗa takardun neman gurbin ya zo mini da nasa nauyin. Lasisi dole ya zama mai rai, kuma duk shekara uku ake sabunta shi bayan an halarci bitar ƙarin ilimi. Ana son takardar makin darussa ta tafi daga makaranta zuwa makaranta, ana son wasiƙun waɗanda suka san aikinka. Ɗaya na so ta fito daga majon da na fara aiki a ƙarƙashinsa a Nijar, wato babban nas na likitarmu. Na fara nemansa ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka, ba mai zuwa ba mai dawowa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A watannin nan mahaifiyata ta kwanta ciwo a Maraɗi, tafiyar yini ɗaya tsakaninmu, ina jinyar iyayen wasu ban iya zuwa na juya tawa ba. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Wasiƙar majo kuwa ta WhatsApp ta fara isowa, da Faransanci, na kai aka fassara, asalin ta biyo direban Katsina daga baya.

Ta biyun matiron ce ta rubuta, mako biyu kafin ta yi ritaya. Na kai mata shafi uku na abin da nake son bincika, ta sa tabarau ta karanta a tsaye a bakin ɗakin haihuwa, ta ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya ta ce in ƙara uwar miji a cikin waɗanda zan yi wa tambayoyi, kada in tsaya kan miji kaɗai. Na gyara a daren, na tura fom ɗin ranar Litinin.