Ƙwayar carbi ɗaya, numfashi ɗaya

Ana saura kwana shida ƙaramar sallah na ɓata wa wani alhaji shadda. Gezna ce, yadi goma. Na riga na ja alli, na ɗauki almakashi, sai wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na leƙa, ashe musun ƙwallo ake yi a wani zauren WhatsApp. Da na dawo kan yadin sai na bi layin hannun riga a maimakon na jiki, kafin in farga almakashi ya ci kusan kamu biyu. Shekara 14 ina ɗinki, ko lokacin da nake yaron shago ban taɓa irin wannan ɓarna ba.

Na biya kuɗin shaddar, na ba da haƙuri. Amma abin da ya hana ni barci daban ne. A daren, ina sallar isha'i ni kaɗai a shago, na rasa ko a raka'a ta uku nake ko ta huɗu. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga na fi wata guda kusan kullum sai na yi ba'adi.

Bayan sallah na je gaida kawuna, na kwashe duka na faɗa masa. Dattijo ne ɗan Tijjaniyya, tun ina yaro nake ganin yana lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, ba ya kula kowa sai ya idar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, hankalinka bai ɓata ba, sakinsa ka yi kiwo babu makiyayi." Na ce, "To Kawu, yaya zan yi in kamo shi?" Ya ce in na idar da asuba kada in tashi, kada in taɓa waya. In riƙe carbi, in ja numfashi a hankali, in sake shi tare da istigfari ɗaya, sannan in tura ƙwaya ɗaya. In hankalina ya tafi, kada in koma farko, kada kuma in yi wa kaina faɗa. In dawo kan ƙwayar da ke tsakanin yatsuna, shi ke nan.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar farko ƙwaya bakwai na ja, sai ga ni ina lissafin man janareta. Na dawo. Bayan ƙwaya uku ina rigima a zuci da wata mai kaya da ta riƙe mini ciko tun azumi, har ina shirya amsar da zan ba ta. Na sake dawowa. Wata rana gyangyaɗi ya kwashe ni, carbin ya faɗi kan tabarma. A mako na biyu saura kaɗan in bari, don gani nake kamar zaman ne ke ƙara mini tunani. Daga baya na gane cewa dama can surutun yana nan, ƙarar keke da rediyo da waya ne suka hana ni jin sa.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta bayyana mini ɓangaren jiki. Ta ce babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kuma idan aka tsawaita fitar da iska bugun zuciya kan ɗan lafa. Ta kuma ba ni labarin Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya fara wani shiri na mako 8 a Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo mai naci su zauna su bi numfashinsu. Shi daga al'adar mabiya Buda ya ɗauko nasa. Ni kuwa ambaton Allah nake yi, kuma ba na haɗa su a ma'auni ɗaya, amma na ji daɗin sanin dalilin da ya sa ƙirjina ke sakewa tun kafin in kai rabin carbi.

Ban zama mutum marar damuwa ba. Kuɗin haya na nan, masu kaya na nan da gaggawarsu, akwai ma safiyar da ba na samun zaman. Abin da ya sauya shi ne yanzu ina jin lokacin da hankalina ya fara zamewa, kamar yadda nake jin zare ya kuɓuce daga allura tun kafin in duba. A da sai na yi nisa nake ganewa. A shago kuma, in zan yi yanka, wayar tana cikin aljihun tebur tare da su maɓalli, kuma sai na ja numfashi uku kafin in ɗauki almakashi.

Gab da babbar sallah alhajin nan ya dawo da wata shaddar, abin da ban zata ba. Ya ajiye ta ya ce, "Malam tela, wannan karon a kula." Na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe." Washegari da hantsi na shimfiɗa ta na ja alli. Ina tsakiyar yanka wayar ta yi ƙara a cikin aljihun tebur, har sau biyu. Na ji ta sarai, hannuna ma ya ɗan tsaya. Na mai da idona kan layin allin, na bi shi har bakin yadi.