Tuwon da ba ya neman haƙori

Ciki ba ya ba da labarin ƙoshi nan take. Sai abinci ya fara buɗa shi, ya gangara zuwa ƙaramin hanji, sannan hanjin ya saki sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa haka. Wannan aike yakan ɗauki kimanin minti 20. To, wa ke kai minti 20 a gaban kwanon tuwo? A gidana dai, kafin in gama zuba wa ƙarami, babban ya side kwano yana cewa "Umma, da saura?"

Shi ya sa ake yawan cewa a ci abinci a hankali. Gaskiya ne, amma ina ganin shawarar ta tsaya a rabin hanya. Saurin ci ba halin mutum ba ne kawai. Yawancinsa daga abincin yake. Ku lura da hannu idan ana cin tuwon semo da miyar kuɓewa: a gutsuro loma, a ɗan mulmula da yatsu, a dangwala a miya, ta wuce sulɓ, haƙori bai ma san an yi ba. Kafin ta kai ciki hannu ya riga ya koma kwano. Yanzu a ajiye wa mutumin nan dambun tsakin masara da zogale da gyaɗa da albasa. Ko yana saurin kama mota ne, dole ya tauna, dole ya dakata ya kurɓi ruwa. Ba wanda ya yi masa wa'azi, abincin ne ya rage masa gudu.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, sun ajiye mutum 20 na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da bai yi nisa da yadda ya fito daga gona ba. An daidaita yawan sukari da mai da gishirin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 1, kuma an auna an ga sun fi cinsa da sauri. A ɗaya ɓangaren kusan kilo 1 ɗin suka sauke. Mutanen dai su ne, yunwarsu ita ce. Abin da ke cikin faranti ne ya canza.

Ba tuwo aka ba su ba, amma ni abin ya tuna min da yadda girkinmu ya sauya. Goggona a ƙauye har yau tuwon dawa take tuƙawa, surfen ma sama-sama, da miyar kuka da ta sha daddawa, ko taushe da kabewa da yakuwa. Dusar da ke jikin hatsi da ganyen miya suna sa abinci ya daɗe a ciki, sukari ya shiga jini sannu a hankali, bayan gida kuma ya zo da sauƙi. Idan ta zo wurinmu ta ci farar shinkafa da miyar tumatir, la'asar na yi sai ta ce, "'Yar nan, abincinku na birni ba ya riƙe ciki." Haka ne kuwa. Burodi da shayi mai sukari da safe, taliyar leda da rana, lemon kwalba a kai. Shi lemon ya fi ba ni tsoro, domin ƙaramin gwangwani ɗaya yana iya ɗaukar sukari gram 35, kuma jiki ba ya lissafa abin sha a matsayin ƙoshi yadda yake lissafa abin da aka tauna.

Ga kuma wahalar narkewa. Aikin narkar da sitaci daga baki yake farawa, da sinadarin da ke cikin yawu. Mai ci da garaje yana tsallake wannan, yana kuma haɗiyar iska tare da loma, sai gyatsa da kumburin ciki. Idan ya cika ciki dam ya kwanta nan take, ƙwannafi ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa afka wa abincin buɗa-baki ya san nauyin da ake ji a sallar asham. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mai sauri ba ya ma iya gane inda kashin farko ya ƙare.

Ban hana tuwo a gidana ba, ba kuma zan hana ba. Abin da nake yi shi ne in fara fito da kwaɗon zogale ko na rama kafin tuwon ya sauka, in yawaita wake a cikin shinkafa, in koma garin dawa da gero a yawancin darare. Yaran kuma na daina haɗa babba da ƙarami a tire ɗaya, domin a nan ake koyon rige-rige, ƙaramin yana haɗiya ba tauna don kada a cinye a bar shi. Suna zaune dai wuri ɗaya a kan tabarma, amma kowa da kwanonsa, kuma wanda ya nemi ƙari sai ya jira 'yan'uwansa su gama tukuna. Sau da yawa kafin lokacin ya riga ya tashi wanke hannu.