Daga Kantir Zuwa Tafkin Timsah: Bin Sawun Fir'aunan Littafin Fitowa

Wanda yake son bin sawun Fir'aunan da ya yi jayayya da Annabi Musa kada ya fara da dalar Giza. Dalolin nan sun girmi zamanin Musa da shekara fiye da 1,000, kuma Littafin Fitowa, na cikin Littafi Mai Tsarki, bai ce Isra'ilawa sun ɗora ko dutse ɗaya a kansu ba. Abin da ya ce shi ne an sa su gina biranen ajiya biyu, Fitom da Ramases (1:11), a gabashin yankin da Kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya shiga Bahar Rum. Can na nufa daga Alƙahira, a watan Fabrairu, lokacin da sanyi bai gama tafiya ba.

Hanyar ta bi ta Zagazig, kimanin kilomita 80 daga Alƙahira, sannan Fakus, sannan ƙauyen Kantir da ke arewa da Fakus kaɗan. Gara mutum ya ɗauki shatar mota ta yini guda, da direban da ya san lardin Sharƙiyya, domin hanyoyin ƙauyukan kunkuntattu ne, sun bi gefen magudanan ban-ruwa, kuma ba ko'ina ake samun allon nuna hanya ba. A riƙe fasfo a hannu saboda shingayen 'yan sanda. A fita da asuba, don a samu a haɗa Kantir da San al-Hajar kafin la'asar.

A Kantir babu abin kallo irin wanda masu yawon buɗe ido suke nema. Gonaki ne na alkama da ciyawar dabbobi, da gidajen jan bulo, sai ƙafafun wani katafaren gunkin Ramsis na Biyu da suka rage a ƙasa, gangar jikin babu. Amma ƙarƙashin gonakin nan birnin Fi-Ramases yake, wanda ake dangantawa da Ramases na Littafin Fitowa, hedikwatar Ramsis, wanda ya yi mulki shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Almasihu. Masu tono na Jamus, ƙarƙashin Edgar Pusch, sun gano bargar da za ta ɗauki dawaki kusan 460, da turakun dutse, da daɓen da aka karkata don fitsarin dawaki ya gangara, ga kuma maƙerun karusai da na tagulla. Birnin barikin soja ne da aka yi wa ado da fada.

Me ya sa sarki zai bar tsakiyar ƙasarsa ya tare a wannan gefe? Amsar tana kilomita 2 kudu da Kantir, a Tel al-Daba'a. Nan ne Abaris, inda Hiksos, mutanen da suka shigo daga gabas, suka zauna har suka mallaki arewacin Masar, kafin sarki Ahmose ya kore su wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Almasihu. Masarawa ba su manta da wannan wulaƙanci ba. Da mutum ya tsaya tsakanin wuraren biyu zai ji nauyin maganar sabon sarkin nan da bai san Yusufu ba: mutanen nan sun yi yawa, in yaƙi ya tashi za su haɗa kai da abokan gābanmu (1:9-10). Labarin da tsoro ya fara, girman kai daga baya ya biyo. Tsoron ne ya haifi aikin gandu, da bai isa ba aka umarci ungozomomi Shifra da Fuwa su kashe jarirai maza, da suka ƙi sai aka ce a jefa jariran a kogi. Kowane mataki ya fi na baya muni, kuma babu wanda ya kwantar wa sarkin da hankali.

Daga Kantir na yi arewa kimanin kilomita 20 zuwa San al-Hajar, wato tsohon Tanis. A nan duwatsun Fi-Ramases suke a zube: ginshiƙai a kwance, gumaka a karye, sunan Ramsis a kan kusan kowanne. Wannan ya ruɗi Bafaranshe Pierre Montet, wanda ya fara tono a wurin a 1929, har ya ɗauka nan ne birnin Ramsis. Abin da ya faru shi ne reshen Nilu da ya ratsa Fi-Ramases ya cike da laka, jiragen ruwa suka daina isowa, sai sarakunan da suka biyo baya suka kwashe duwatsun suka gina sabon birni da su. Shi ya sa ƙafa take Kantir, sauran kayan suna Tanis.

A kan hanyar komowa na lura da gonakin alkama, kore shar, ba ta nuna ba. Wannan ya dace da wani ƙaramin bayani a Fitowa 9:31-32: ƙanƙara ta lalata sha'ir da kittani domin sha'ir ya fid da kai, kittani ya yi fure, amma alkama ta tsira domin tana nuna a makare. A Masar wannan yanayin yana faɗowa wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Wato bayan ƙanƙara Fir'auna yana da sauran abin dogaro a gona, kuma a daidai nan ne aka ce ya sāke taurare zuciyarsa. Fara ta zo ta cinye ragowar.

Luksor tana kudu, daga Alƙahira tafiyar kusan awa 10 a jirgin ƙasa na dare. Abin da ya kai ni yana yammacin kogi, ana tsallakawa da jirgin fito. A isa da sassafe, domin ko a Fabrairu rana tana zafi a jikin duwatsun nan da hantsi, kuma a tanadi katin banki, don wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi wajen sayen tikiti.

Kabarin Rekmire, wazirin sarki Tutmos na Uku, shi ne wurin da ya kamata a daɗe. A bangon dogon zaurensa an zana aikin tubali daki-daki: wasu suna ɗebo ruwa daga tafki da tuluna, wasu suna kwaɓa laka da fartanya, wasu suna ɗauka a kwanduna, wani yana cika akwatin katako marar gindi yana ɗagawa, tubala suna jere a rana, ga shugaban gandu a zaune da sanda. Cikin ma'aikatan akwai baƙi kamammun yaƙi. Zanen bai ce Isra'ilawa ne ba, amma aikin ke nan da aka ba su.

Maginin da ya taɓa kwaɓa ƙasa da ciyawa don ginin tubali a Kano ko Zinder ya san amfanin tattaka. Lakar Nilu tana tsukewa in tana bushewa, in babu abin da zai riƙe ta sai ta tsattsage, tubali ya karye a hannu. Tattakar takan ɗaure lakar, ta sa ta bushe daidai ciki da waje. To, umarnin Fir'auna a sura ta 5 shi ne a daina kawo wa ma'aikata tattaka, su je su nemo da kansu, adadin tubali kuwa kada ya ragu ko ɗaya. Ba zai yiwu ba, kuma ya san ba zai yiwu ba. Akwai wata takardar fata a gidan tarihi na Louvre, daga shekara ta 5 ta mulkin Ramsis na Biyu, mai lissafin jami'ai 40 da aka ɗora wa kowannensu tubali 2,000, da abin da kowa ya kawo. Lissafi ne na gaske, ana bin sa. Da adadi ya gaza aka yi wa shugabannin Isra'ilawa bulala, su kuma suka juya suka zargi Musa da Haruna. Abin da sarkin yake so ke nan: ya raba mutane da mai yi musu magana.

Ƙasa kaɗan da kabarin akwai Ramesiyum, haikalin da Ramsis ya gina don tunawa da kansa. A bayansa rumbunan tubali masu rufin baka suna tsaye har yau, ana ganin tattaka a jikin tubalan. A farfajiya kuwa gunkinsa na dutse, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 1,000, yana kwance a farfashe. Amma bangon ne ya fi tsayar da ni. An zana yaƙin Kadesh na wajen 1274 kafin haihuwar Almasihu, inda sarki yake cewa sojojinsa sun watse sun bar shi shi kaɗai tsakiyar karusan Hittiyawa 2,500, ya kuma fatattake su. Gaskiyar magana, 'yan leƙen asiri biyu ne suka yaudare shi cewa abokan gāba suna nesa, aka afka wa rundunarsa ɗaya a kan hanya, ya sha da ƙyar, bai ci Kadesh ba, daga baya ya ƙulla sulhu da Hittiyawa. Duk da haka ya sa aka sassaƙa labarin a matsayin nasara a nan, da Karnak, da Luksor, da Abidos, da Abu Simbel. Sarautar da aka kafa a kan cewa sarki ɗan allah ne ba ta da wurin rubuta faɗuwa. Mai irin wannan kujera, in aka ce masa ya saki bayinsa domin Allahn bayin ya ce, amsar da ke bakinsa ita ce ta Fitowa 5:2: wane ne Ubangiji har da zan ji maganarsa?

A ƙaramin haikalin Deir al-Madina, nan kusa, akwai zanen awon zuciya. Masarawa sun gaskata cewa bayan mutuwa za a ɗora zuciyar mutum a sikeli, gashin tsuntsu na gaskiya a ɗaya gefen, in zuciya ta rinjaya wata dabba mai kan kada ta haɗiye ta. Masu gyaran gawa sukan cire huhu da hanta da hanji da tumbi, amma su bar zuciya a ciki, su ɗora mata laya mai siffar buzuzu da rubutun roƙon kada ta ba da shaida a kan mai ita. Sun san zuciya tana iya tona asirin mai ita, sai suka nemi hanyar rufe mata baki.

Yadda taurin zuciyar Fir'auna ya tafi a surori 7 zuwa 14 ya cancanci a bi shi a hankali, domin mutane sukan tsaya a kan cewa Allah ne ya taurare ta, su tsallake abin da ya gabata. Gaskiya ne tun a 4:21 Allah ya faɗa wa Musa zai yi haka. Amma a cikin annobai biyar na farko, jini da kwaɗi da kwarkwata da ƙudaje da mutuwar dabbobi, ko dai a ce zuciyarsa ta taurare, ko a ce shi ya taurare ta. Sai a annoba ta shida, ta marurai, aka fara cewa Ubangiji ya taurare ta (9:12). Kuma a lura da lokacin da taurin yake zuwa. Ba a tsakiyar azaba ba, a nan roƙo yake yi, har ya ce ya yi zunubi. Sai an ɗauke masifa, ya ga sauƙi ya samu (8:15), sannan ya janye alkawari. Da Musa ya tambaye shi yaushe za a kawar da kwaɗi, cewa ya yi gobe. Sai ciniki: ku yi hadaya a cikin ƙasar, to, ku tafi amma kada ku yi nisa, maza kaɗai su tafi, ku tafi duka amma ku bar dabbobi. A ganina wannan cinikin ya fi ƙin farko haɗari, domin mai yinsa yana jin kamar ya sassauto alhali bai motsa ba. Na kusa da shi sun riga shi gane gaskiya. Matsafansa sun ce wannan yatsan Allah ne tun a annoba ta uku, wasu fadawa sun shigar da bayinsu da dabbobinsu gida kafin ƙanƙara, daga baya suka ce masa a fili, har yanzu ba ka san Masar ta lalace ba?

Da na komo Alƙahira na je gidan tarihi na dandalin Tahrir don allon dutsen Marneftah, ɗan Ramsis, wanda Flinders Petrie ya gano a 1896. Ya fi mita 3 tsayi, kuma can ƙasa, a layi na 27, sarki yana alfahari cewa an hallaka Isra'ila, irinta ya ƙare. Wannan ne ambaton Isra'ila mafi tsufa da aka samu a wajen Littafi Mai Tsarki, wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu.

Gawarwakin sarakunan suna Fustat a cikin Alƙahira, a gidan tarihin wayewar Masar, inda aka kai gawarwaki 22, na sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, a watan Afrilu 2021. An hana ɗaukar hoto a zauren. Ramsis yana nan, tsoho ne da ya kai wajen shekara 90, da ciwon gaɓɓai da ruɓaɓɓun haƙora. Marneftah ma yana nan, haka Tutmos na Uku da Amenhotef na Biyu, waɗanda masu bin lissafin shekara 480 na 1 Sarakuna 6:1, daga fitowar Isra'ilawa zuwa ginin haikalin Sulemanu, suke dangantawa da Fitowa. Littafin bai faɗi sunan Fir'aunan ba, ko da yake ya faɗi sunayen ungozomomi biyu. 'Yan rakiya sukan nuna gishirin da aka samu a jikin Marneftah su ce shaidar nutsewa a teku ce. Kada a ɗauka. Da kanwa ake busar da kowace gawar sarki, gishirin daga nan yake.

Zangon ƙarshe shi ne Isma'iliyya, ta Wadi Tumilat, inda tuddan Tel al-Rataba da Tel al-Maskuta suke, waɗanda ake dangantawa da Fitom da Sukkot, zangon farko na Isra'ilawa bayan sun bar Ramases. Mashigin Suwez, da aka buɗe a 1869, ya sauya fasalin yankin, amma Tafkin Timsah da Tafkuna Masu Ɗaci suna nan, da fadamu masu iwa a gefensu. Ƙasar bakin ruwan tana da ɓawon gishiri a sama, laka mai santsi a ƙasa. Karusar yaƙin Masar kuwa don busasshiyar ƙasa mai tauri aka ƙera ta: katako ne da fata, mara nauyi, dawaki biyu, mutum biyu, ƙafafu biyu masu sanduna shida da siririn baki. Duk nauyin yana sauka a kan bakin nan da bai fi faɗin 'yan yatsu ba, shi ya sa yake yanka ƙasa mai danshi ya nutse, in dawaki suka fizga sai sandar da ke riƙe ƙafafun ta karye ko ƙafa ta fita. Kowane shugaban barga a Kantir ya san wannan. Duk da haka aka tura zaɓaɓɓun karusai 600 da sauran rundunar cikin hanyar da iskar gabas ta buɗe da dare, a bayan mutanen da sarkin da kansa ya sallama bayan ya rasa ɗan farinsa. Da asuba ƙafafun karusai suka kakare (14:24-25), sojoji suka ce mu gudu, Ubangiji ne yake yi musu yaƙi, amma karusar da ta nutse a laka ba ta juyuwa, ga kuma ɗaruruwa a bayanta sun toshe hanya.

Daga Isma'iliyya zuwa Alƙahira kimanin kilomita 120 ne ta hanyar hamada. Yankin mashigin na soja ne, kada a ɗaga kyamara kusa da gada ko shinge, kuma a kama hanya kafin magariba.