Talata: makullin masallaci

Ƙarfe biyu da rabi na dare muryar Baba ta tashe ni, kuma daga lasifikar masallaci take fitowa. Kiran sallah tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya bai kuskure ba, har da "assalatu khairun minan naum". Na duba waya, na sake dubawa. Saura kusan awa uku asuba. Kafin in lalubo hijabi, Auta ya riga ya fita a guje ko takalmi babu. Karo na uku ke nan a wata guda.

Da suka dawo, Baba sai faɗa yake yi, wai yaran yanzu ba sa son sallah. Auta ya ce ya tarar da dattawa biyu a ƙofar masallaci, sun yi alwala cikin wannan sanyin hunturu. Sannu kawai suka yi wa Baba, kowa ya koma gidansa. Da zagi suka yi da ya fi mini sauƙi.

Shekara 34 yana ladanci a masallacin layinmu. Makullin yana ɗaure da wani baƙin zare a aljihun gaban rigarsa, ko wanki za a yi sai ya cire shi da hannunsa.

Dama yau ce ranar ganin likita, sai muka tafi da safe a adaidaita. Likitan ya tambaye shi wace shekara muke ciki, ya yi dariya ya ce Allah ne masani. Ya tambaye shi wa ke mulkin ƙasa, ya ce Shagari. Shagarin da aka yi wa juyin mulki tun ƙarshen 1983, ina 'yar goye. Sannan ya miƙa masa biro ya ce ya zana agogo. Baba ya zana da'ira mai kyau, sai ya tara lambobin duka a gefe guda kamar tumaki a inuwa. Mutumin da duk unguwa ke saita lokaci da muryarsa. Na kawar da kai ina kallon bango.

Likitan ya ce cutar mantuwa iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce Alzaima, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da ita, amma ta Baba ta fi kama da wadda hawan jini ke jawowa: ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, kowane toshewa ya tafi da wani abu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe jinin don a rage gudun ciwon. Na tambaye shi yaya mutum zai manta ya ci tuwo amma ya kira sallah babu gargada. Ya ce sabon abu ne ke fara gogewa, wanda ya zauna tun ƙuruciya shi ne ke jimawa. Abin da ya fi damunsa fitar dare ce, domin wata rana Baba zai wuce masallaci ya miƙe, ya kasa gane hanyar gida.

Bayan la'asar aka zauna a zaure: Yaya Babba da ya taso daga Kaduna, Kawu, Gwaggo, da Malam Liman. Gwaggo ta riga kowa. A wurinta sammu ne, hassadar ladanci ake yi wa ɗan'uwanta. (Ladancin da ko sisi ba a biya, sai goron Sallah.) Ta ce, "Ku dai kada in ji kun kai shi Dawanau, ɗan'uwana ba mahaukaci ba ne." Babu wanda ya ambaci Dawanau, wato asibitin masu taɓin hankali da ke nan Kano, amma na fahimce ta. A garin nan da zarar an ce ƙwaƙwalwa, can hankalin mutane ke tafiya, shi ya sa gidaje da yawa ke ɓoye tsofaffinsu a ɗaki suna cewa gigin tsufa ne kawai.

Malam Liman ne ya kwantar da ita, Allah ya saka masa. Ya karanto aya ta 70 a Suratun Nahl, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya kasa sanin komai bayan dā ya sani. Ya kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ciki har da wanda hankalinsa ya gushe. Ya ce Baba ba shi da laifi wurin Allah, saura mu.

Yaya ya ce a canza kwaɗon masallaci, a bar wa Baba tsohon makullin yana jin daɗi. Na ce a'a. Na hango shi tsakar dare cikin sanyi yana kokawa da kwaɗon da ba zai buɗu ba. Kawu ya ce to a kulle shi a ɗaki. Na ce da raina ba za a yi haka ba. Sai Yaya ya ce, "To ke me kike so a yi?" Duka suka juyo suna kallona. Tunda aurena ya mutu na dawo gida, ni ce mai ba shi magani, ni ce mai wanke masa kaya. Kowa zai ba da shawara ya kama hanya, Yaya ma gobe zai koma.

Abin da muka tsayar: a karɓe makullin, a riƙa kulle ƙofar zaure bayan isha'i, amma kiran magariba ya zauna nasa, Auta na tsaye kusa da shi. Wa zai karɓa? Nan ma shiru aka yi.

Baba ya cire riga zai yi alwalar isha'i, na sa hannu a aljihun. Zaren ya yi laushi saboda daɗewa. A Islamiyya an koya mana ko "uf" kada mu ce wa iyaye, yau ga ni ina laluben aljihun ubana kamar ɓarauniya.

Bai kai minti goma ba ya shafa ƙirjinsa. "Uwata, ina makullina?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana tun ina ƙarama, sai dai kwanan nan ban san ko ni yake nufi ko ita ba.

Na ce, "Malam Liman ne ya ara, Baba."

Ya jinjina kai. "To ki ce ya dawo da shi kafin asuba, kada jama'a su makara."

Na ce to.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Makullin yana cikin jakata, na sa wa ƙofar zaure kwaɗo, na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinsa. Ina jiyo tarinsa, bai yi barci ba tukuna.